Ja a Kan Kore

Sanda jikan ma'aikacin reluwe ne, kuma ɗan ma'aikacin reluwe. Kakansa ya sauko Minna daga Zariya a zamanin da jirgin ƙasa ne ke kawo kaya da mutane, ya yi aure a nan, ya kafa gida, bai sake komawa ba. Mahaifinsa ma a kan layin dogo ya ƙarar da ƙarfinsa, har jirage suka yi ƙaranci ya koma zaman ƙofar gida da rediyonsa. Saboda haka tun Sanda yana ƙarami babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake so ya zama. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Yaro ne mai natsuwa, sai dai akwai wasu kurakurai da suka ƙi rabuwa da shi. In mahaifiyarsa ta aike shi sayen tumatir, sai ya dawo da ɗanye cakuɗe da nunanne, ta kama kunnensa ta murɗe. A firamare ya taɓa shafa wa ganyen mangwaro jan fenti, malamin ya ɗauka tsokana ce ya sa shi durƙuso a rana. Ya sha faɗa har shi da kansa ya yarda cewa shi mutum ne marar lura, ya riƙa jin kunyar abin a ransa.

Ya gama difloma a daidai lokacin da ake ta maganar farfaɗo da jiragen ƙasa. Ya nemi aiki, ya ci jarrabawar rubutu, aka kira shi gwajin lafiya. Likitan ya auna shi ko'ina bai ga komai ba, sannan ya ɗauko wasu katuna masu zagaye cike da ɗigo-ɗigo, ya ɗaga masa ɗaya.

"Wace lamba kake gani a nan?"

"Babu lamba, likita. Ɗigo ne kawai."

Ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku. Daga nan ya ajiye katunan, ya cire tabarau, ya ce masa a hankali, "Samari, idonka ba ya raba ja da kore. Haka aka haife ka, kuma ba shi da magani. Aikin da jar fitila ke cewa tsaya, koriya ke cewa wuce, ba za a iya danƙa maka shi ba."

Da ya koma gida ya faɗa, mahaifinsa ya kashe rediyo. Can ya nisa ya ce, "Ashe duk faɗan tumatir ɗin nan a banza ka sha shi." Mahaifiyarsa tana bakin murhu ta ji, ta rufe fuska da gefen zaninta. Ranar ba aikin da ya rasa ta yi wa kuka ba.

Ya yi kusan shekara yana zaman banza kafin wani mai shagon buga takardu a unguwar Tunga, Godwin, mutumin kudancin Kaduna, ya ɗauke shi. Shagon na buga katin biki, kalanda da allunan talla. Sanda bai ɓoye masa matsalar idonsa ba, Godwin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kwamfuta tana da lamba ga kowace kala. Ka haddace lambobin, sauran mu gani." Ya haddace kuwa. Hannunsa ya faɗa a tsara rubutu, har mutane suka fara cewa katin da Sanda ya tsara ko daga nesa ana karanta shi. Amma lamba ba ta kare shi kullum ba.

Wata rana wata budurwa ta zo karɓar allon talla na rumfar atamfar mahaifiyarta a Kasuwar Kure. Sunanta Rahmatu. Ta warware allon, ta dube shi, ta dubi Sanda.

"Malam, ruwan toka na ce, ka yi mini ruwan hoda."

Ya leƙa allon. A idonsa toka ce sak. Ya fara ba ta haƙuri yana in-ina, sai ta buɗe jakarta ta ciro ƙyallaye biyu ta shimfiɗa a kan tebur.

"Wanne ne ja a cikin waɗannan?"

Ya kalli wannan, ya kalli wancan. Yana jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta naɗe ƙyallayenta ta ce, "Ina da kawu haka, shi ma ya sha wahalar mutane. Matsa mini in zauna, in nuna maka wadda nake so."

Allon da aka sake bugawa ya yi kyau. Sanda da kansa ya kai shi kasuwa, alhali ba aikinsa ba ne kai kaya, kuma ya sake komawa duba ko an rataye shi daidai, ya kuma sake komawa ba tare da wani dalili ba. Ba a rufa shekara biyu ba aka ɗaura musu aure. Suka kama ɗaki biyu a gidan haya ɗaya da Godwin da matarsa Felicia, wadda nas ce a wani ƙaramin asibiti, kowa kuma Maman Testimony yake kiranta. Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata Na'ima.

Rahmatu ta taso a cikin atamfa, launi a wurinta kamar magana ne. Bayan magariba Sanda yakan buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, ta zauna gefensa tana tsinke zogale ko tana yi wa Na'ima kitso, ta ɗan leƙo. Ba sunan launin kawai take faɗa masa ba. Takan ce, "Wannan jan yana ihu, Baban Na'ima, rage masa murya." Ko ta ce, "Wannan koren ya yi sanyi, kamar ruwan randa da asuba." Da safe ita ke ajiye masa rigar da ta dace da wando, in ya je sayen nama ita ke duba ko na yau ne. Yakan ce mata bai san duniya tana da surutu haka ba sai da ya aure ta.

A shagon ne ya haɗu da Shekwolo, wani matashi Bagwari mai rubuta manhajar waya. Asibitin su Felicia ne suka ba shi aikin manhajar da masu hawan jini da ciwon suga za su riƙa ganin sakamakon awonsu da ranar komawa wurin likita. Yana jiran a buga masa kati sai ya nuna wa Sanda fuskar manhajar, ya ce masa ya duba yadda ta fito. Layuka ne na lambobi, kowanne da ɗan ɗigo a gefe.

"Ɗigon nan na mene ne?" in ji Sanda.

"Ja na nufin awo ya hau, kore na nufin lafiya lau."

"To ni duk iri ɗaya nake ganinsu. In ni ne marar lafiyar, ban san ko in yi barci ko in ruga asibiti ba."

Shekwolo ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Ya ce shi cikin injin ya iya, fuskar kuwa dama ta daɗe tana damunsa, tsofaffi suna ta danna abin da ba shi ba. Ya tambayi Sanda ko zai shigo su yi tare.

Nan Sanda ya sami aikin da ya fi dacewa da shi a rayuwa. Ya karanta abin da ya samu, ya kalli darussa a waya, amma mafi yawa daga idonsa ya koya. Kowace fuska da baƙi da fari da toka yake fara tsara ta, yana cewa in ba a gane ta a haka ba, fenti ba zai cece ta ba. Ya lura ido abin da ya fi girma yake fara cafka, sai ya sa sakamakon awo ya zama ƙato a sama, sauran bayani ƙanana a ƙasa. Ya lura abubuwan da suka matsu kusa da juna, ido yana ɗaukarsu 'yan gida ɗaya, sai ya haɗa sunan magani da lokacin shansa wuri guda, ya raba maɓallin gogewa da na ajiyewa da fili mai faɗi don kada babban yatsan tsoho ya zame. Ɗigon nan kuwa ya cire shi. Inda awo ya hau ya sa kibiya mai kallon sama da rubutu ɓaro-ɓaro: "Je asibiti yau." Yakan ɗauki wayar ya tafi Kasuwar Kure da tsakar rana, ya miƙa wa masu hatsi da suka manyanta, ya tsaya yana kallon inda idonsu ke sauka da inda yatsansu ke kai-komo. Rubutun da ya yi kyau a inuwar shago, a rana ɓacewa yake, sai ya koma ya ƙara masa duhu. Sai komai ya zauna sannan ya kawo wa Rahmatu ta zuba launi.

Da damina ta kama a shekarar, Rahmatu ta fara tari. Ta ce sanyin ruwa ne. Ta samo jiƙon sassaƙe a wurin wata mai magani tana sha safe da yamma. Tarin bai tafi ba, sai ramewa da ta fara yi, zobenta ya riƙa juyawa a yatsa. Sanda ya ce su je asibiti, ta ce ai sauƙi yana zuwa, ya bari ya gama aikin da ke gabansa. Ya sake magana, ta yi dariya ta ce ya cika tsoro. Felicia tana aikin dare a lokacin, ba kasafai suke haɗuwa ba, in sun haɗu kuma Rahmatu ta lulluɓe da mayafi ta ce mura ce.

Da ƙarfinta ya ragu, Sanda ya karɓi wanki. Ba ya jin kunyar a gan shi a bakin famfo. A cikin kayan akwai wasu hankici da ta yanka daga ragowar yadi, kullum da tabo mai duhu a jikinsu. Ya tambaye ta, ta ce jiƙon ne, in ta sha takan goge baki. Ya yarda, don jiƙon ma duhu gare shi. Ya riƙa cuɗa su da sabulu yana shanyawa.

Wata Asabar da hantsi ya jiƙa su a farin bokiti, ya juya ɗauko sabulu. Felicia ta fito da nata wankin, ta kalli bokitin, ta tsaya cak.

"Baban Na'ima, wa ya ji ciwo a ɗakinku?"

"Ba kowa. Jiƙon maman Na'ima ne."

Ta sa hannu ta ɗago hankici ɗaya, ta ɗago na biyu, ta ɗago na uku. Muryarta ta canja. "Wannan ba jiƙo ba ne. Jini ne. Ruwan nan gaba ɗaya ja ne. Tun yaushe?"

Ya kalli ruwan. Ruwan datti ne kawai a idonsa, kamar na kowane wanki.

"Wace kala ce hankicin?" ya tambaya.

"Kore. Dukansu kore ne."

Felicia ba ta tsaya neman izini ba, ta faɗa ɗakin. A ranar suka sa Rahmatu a keke napep zuwa asibiti. Aka yi hoton ƙirji, aka tura su babban asibiti a wani gari, aka sake gwaje-gwaje. Likitan can ya kira Sanda gefe ya ce masa ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya bazu. Sanda ya tambaye shi ko da an zo da wuri da an yi wani abu. Likitan ya ce Allah ne masani, irin wannan ciwon ko an zo da wuri ba kullum ake cin nasara ba. Sanda ya riƙe wannan amsar, ya juya ta ta kowace fuska, bai taɓa samun inda zai huta a cikinta ba.

Sai da suka dawo Minna, wata la'asar Na'ima tana gidan kakarta, ya iya tambayarta. Tana kwance, shi yana zaune a bakin gado.

"Rahmatu, a cikin duk yadin da ke gidan nan, kore kika zaɓa."

Ta juya fuska wajen bango. "Na zaɓa."

"Kin san ba zan gani ba."

"Na sani."

Ya jira. Ta daɗe tana neman numfashi kafin ta ce, "Ranar da na fara gani, na tsorata. Yayata haka ta fara, aka kai ta asibiti ba ta dawo ba. Sai na ce in ba wanda ya gani, kamar bai faru ba. Kuma kai ga shi karo na farko na ga kana tashi da safe kana murna da aiki. Na ce bari ka gama. Kullum sai in ce gobe zan faɗa."

"Da idonki nake gani," ya ce. "Duk duniya ke kaɗai ce ban taɓa tunanin in sake tambayar wani ba bayan kin faɗa."

Ta fashe da kuka, kukan ya tayar da tarin. Ya ɗago ta ya jingina da ƙirjinsa har ya lafa. Ta ce ya yafe mata. Ya ce ya yafe, kuma da gaske yake, ko da yake akwai abin da yafiyar ba ta kawar ba.

Ta ƙara wata biyu da 'yan kwanaki. Felicia ce ke yi mata allurar rage zafi in ta taso aiki, mahaifiyarta ta rufe rumfa ta tare a gidan. A kwanakin da ta ɗan ji dama takan ce ya kawo kwamfuta ta gani. Fuskar ƙarshe da ta duba masa ita ce ta ranar komawa asibiti. Ta ce shuɗin ya yi nauyi, ya sassauta shi kaɗan. Ya sassauta, ta gyaɗa kai, ta lumshe ido. Ta rasu wata Talata da safe, ana shirin kai Na'ima makaranta. Aka yi mata sutura kafin azahar. Godwin da Shekwolo suna cikin waɗanda suka raka ta, suka tsaya daga gefe har aka gama.

Bayan an share makoki Sanda ya rufe kwamfutar, ya tura ta ƙarƙashin gado. Ya kwashe duk wani tawul da zanin gado da hankici na gidan ya ba surukarsa, ya sayo farare zalla. Ya daina sayen nama sai in Felicia za ta je kasuwa. Yakan fita da riga da wando da ba su dace ba, ba wanda ya iya gaya masa. Shekwolo ya yi ta zuwa, ba ya maganar aiki, sai ya zauna su sha shayi ya tafi. Da aka daɗe, wata rana ya ce masa, "Yayana, nas-nas suna tambaya. Saura shafi biyu. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba." Sanda ya ce ya ba shi mako guda. Ya jawo kwamfutar, ya gama shafukan da baƙi da fari, sannan ya ɗauki lambobin launukan da Rahmatu ta riga ta zaɓa ya zuba, bai ƙara ko ɗaya nasa ba.

Manhajar ta fita, tsofaffi suna amfani da ita ba tare da sun kira jikoki ba. Wasu ƙananan asibitoci suka nema, aiki ya ƙaru, har Sanda ya bar shagon Godwin suka kama ɗan ofis shi da Shekwolo a saman wani bene a Tunga. Mutane suna yaba masa, yakan ce na gode ya sunkuyar da kai.

Na'ima tana aji uku lokacin da wata rana da zafi ta shigo daga wasa, riƙe da hanci, gaban farar rigarta duk ya yi duhu. Sanda bai tsaya tambaya ba. Ya sunkuce ta, ya fita ba takalmi, yana buga ƙofar Felicia yana kiran Maman Testimony da muryar da ta fito da duk mutanen gidan. Felicia ta karɓi yarinyar, ta zaunar da ita, ta matse mata hanci, ta sa mata tsumma mai sanyi a goshi.

"Haɓo ne kawai, Baban Na'ima. Zafin rana ne. Ga shi har ya tsaya."

"Ki duba da kyau. Daga hanci ne? Ba daga baki ba?"

"Daga hanci ne. Na duba. Zan sake dubawa a gabanka."

Ta sake dubawa. Na'ima ta kalli babanta ta ce ita ba ta jin ciwon komai. Ya zauna a kan dakalin ƙofar. Godwin ya fito ya sallami mutane, ya zauna kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa, suna nan har aka kira la'asar.

Yanzu Na'ima tana kwana wajen kakarta a unguwar Barkin Sale ranakun makaranta, saboda surukarsa ta ce yarinya tana girma, tana bukatar mace kusa da ita, shi kuma bai yi musu ba. 'Yan'uwansa sun sha kawo masa maganar aure, yakan ce su ƙara masa lokaci. Furfura ta fara fito masa tun bai kai arba'in ba. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci yakan rufe ofis da wuri, ya tari keke napep zuwa Barkin Sale, ya ɗauko 'yarsa su yi Asabar da Lahadi tare, ran Litinin da sassafe ya mayar da ita.